Littafin da Ya Tsallako Rafi

A ƙauyukan kudancin Katsina yanzu baƙo ba ya faɗowa gari haka nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin Faskari da Ƙanƙara, musamman bayan kwashe ɗaruruwan 'yan makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, duk babur ɗin da ba a san mai shi ba, kafin ya kai bakin kasuwa 'yan sa-kai sun tare shi: daga ina, wurin wa, me ke cikin kwalin? Shi ya sa da wasu baƙi suka taso daga Jos bayan an gama girbin masara, ɗauke da kwalayen Littafi Mai Tsarki na Hausa, ba su nufi cikin gari ba. Sai suka sauka a tsallaken rafi, gidan mai bishara.

Garin yana ƙasar Galadiman Katsina, 'yar tafiya daga titin da ya haɗa Malumfashi da Funtuwa. Musulmi ne kakaf. Akwai masallacin Juma'a, ga na 'yan ɗariƙa da na 'yan Izala suna kallon juna, ga makarantun allo inda ake hura karan dawa da dare yara su kewaye wuta da karatu. Masara da dawa da waken suya ake nomawa. Auduga kuwa ta ja baya tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe. A tsallaken rafin akwai 'yar unguwa da majami'ar laka mai rufin kwano, an rataya wani tsohon ƙarfen mota a jikin bedi ana bugawa ranar Lahadi.

Mutanen unguwar nan da mutanen gari kakanninsu ɗaya, Maguzawa ne. Lokacin rangadin Sardauna na musuluntarwa, tsakanin 1963 da 1965, gidaje da yawa suka karɓi kalmar shahada suka matso kusa da masallaci. Waɗanda suka rage a gonakinsu, da masu bishara na ECWA suka riƙa ratsa ƙasar Maguzawa a shekarun 1970, sai suka zama Kirista. Har gobe Tanko da Ɗanjuma da Lami ake kira a ɓangarorin biyu, tuwo ɗaya, gaisuwa ɗaya, ana zuwa wa juna suna da jana'iza. Shi kansa mai bisharar, wanda kowa ke ce wa Malam, taubashin na'ibin liman ne. In sun haɗu a kasuwa na'ibi ya ce, "Arne, yaushe za ka zo in yi maka wankan shiga Musulunci?" shi kuma ya ce, "Bari ka fara biyana kuɗin taki na bara, kada ka shiga Aljanna da bashi." A yi dariya a wuce. Maganar da za ta iya tayar da gari in baƙo ne ya faɗe ta, tsakanin taubasai wasa ce.

Malam bai bar baƙinsa sun buɗe kwali ko ɗaya ba sai da ya kai su zauren dagaci. Suka tuɓe takalma suka zube.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Jos, 'yan'uwanmu a addini. Sun kawo mana Littafi Mai Tsarki da Hausa, na karantawa da na saurare. Suna so in da hali su raba har cikin gari. Na ce musu gari da mai shi."

Dagaci bai ce uffan ba, ya aika a kira liman. Liman tsoho ne, alaramma, ya rubuta Alƙur'ani da ka tun yana saurayi. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya juya shi, bai buɗe ba.

"Malam, wannan Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa ce, alaihissalam, ko kuwa rubutun mabiyansa ne?"

"Allah gafarta Malam, labarinsa ne da maganganunsa, almajiransa da na kusa da su suka rubuta. Mu mun gaskata Allah ne ya bi da su."

"To, ka faɗi gaskiya."

Baƙin sun ɗauka yabo ne, har ɗayansu ya yi murmushi. Amma liman hukunci ya yanke. A wurinsa Linjila littafi ne da ya sauko wa Annabi Isa daga sama, kamar yadda Attaura ta sauko wa Musa, Zabura wa Dauda. Abin da mabiya suka rubuta game da rayuwar annabi kuwa, wannan sira ce, a can ya ajiye shi. Da wannan tambaya guda ya gama sanin matsayin da zai ba littafin, kuma ya samu abin da zai gaya wa jama'a ranar Juma'a ba tare da zagin kowa ba.

Sai dagaci ya shimfiɗa sharaɗi. Ba bin gida-gida, ba miƙa wa yaro, ba tarar matan aure. Kada a haɗa rabon da magani ko taki ko wani abin hannu. Amma duk baligin da ya taka da ƙafarsa ya tsallaka rafi ya ce a ba shi, ba mai hana shi, ba kuma mai bin sa da gori. Baƙin ba su so haka ba, don kwalayen da yawa, kuma akwai waɗanda za su koma su yi wa bayani. Malam ne ya danne su. Shi zai kwana a garin bayan sun tafi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, littafin nan ya daɗe da jin Hausa. Tun 1857 wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Likita Walter Miller yana cikin ayarin 'yan mishan da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausar boko, shi ne jagoran aikin, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna tace maganar. A tsakanin nan ne Isawa suka same shi a 1913, wato zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa a wa'azinsa. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa, sauran suka dawo Zariya. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Duk da haka a lokacin littafin bai iso ƙauyuka irin wannan ba. Lugard ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Turawan mulki suka riƙa hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aikin jinyar kutare ya buɗe musu ƙofa a wurare irin su Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Ko da an bar shi ya shigo ma, da boko aka buga shi, boko kuwa ba karatun mutanen gari ba ne. Abin da tsofaffi suke tunawa shi ne rediyo: tashar ELWA da ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, da Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977. Mutum na neman BBC sai ya faɗa kansu, ya ɗan saurara, ya murɗa gaba.

Farkon abin da ya tsaya wa mutanen gari a rai ba abin da ke cikin littafin ba ne, yadda masu shi ke riƙe shi ne. A nan littafin Allah yana da gafakarsa, ba a taɓa shi sai da alwala, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora komai a kansa, in ya faɗi a ɗauka a sumbata. Sai ga baƙo ya ɗaure nasa a bayan babur tare da galan ɗin mai, ya ja layi a ciki da biro ja, ya ajiye shi kan tabarma kusa da takalmi ya shiga cin tuwo. Wani dattijo ya ja Malam gefe ya ce, "Ɗana, in kun yarda maganar Allah ce, me ya sa ba kwa jin nauyinta?" Malam ya bayyana masa cewa a wurinsu tsarkin yana cikin maganar, ba jikin takardar ba. Dattijon ya ji, bai gamsu ba. Amma tun daga ranar Malam ya ɗinka wa nasa jaka, kuma ba ya shiga gari da shi sai a ciki. Da wasu shafuka suka ɓulla a wurin mai ƙosai tana naɗe wa yara, ba Kirista ne suka tayar da magana ba. Liman ne ya aika aka tattaro su, ya ce akwai sunan Allah da sunayen annabawa a ciki, ba za a jefar da su a bola ba, aka mayar wa masu su.

Inda aka kusa ɓatawa shi ne bugun ajami. A kwalayen akwai 'yan ƙananan littattafai da aka rubuta da baƙaƙe da wasulla irin waɗanda kowane ɗan makarantar allo ya saba da su, an yi wa shafukan ado a gefe, bangon kore. Wani tsoho ya samu ɗaya a hannun jikansa, ya ɗauka littafin addu'o'i ne, ya sumbata ya sa a gafakarsa, sai da gardi ya karanta masa ya gane. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kai ƙara zaure. Baƙin suka ce ai ajami rubutun Hausa ne, ba na wani addini ba, kuma tun zamanin su Miller ana buga Bishara da shi. Ta fuskar tarihi sun yi daidai. Da ajami ake rubuta wasiƙa da lissafin bashi da waƙa. Liman bai musa ba. Ya ce, "In gishiri ka kawo, kada ka zuba shi a buhun sukari. Rubuta a bango ko mene ne, wanda ya so ya ɗauka." A nan ni ina bayan liman. Rubuta wa mutum da harafin da ya iya karantawa mutunta shi ne. Yi wa littafin shigar da za ta sa ya ɗauka wani abu ne daban kuwa, ko da kyakkyawar niyya aka yi, mutumin ƙauye yaudara yake kiran sa, kuma in ya kira ka mayaudari sau ɗaya ka gama magana a garin.

Littattafan takarda dai ba su yi nisa ba. Na saurare ne ya ratsa gari. Wasu 'yan akwatuna ne masu cajin rana, kamar ƙaramar rediyo, da katin memori da ake sa wa waya. Dagaci ya hana maza tarar matan aure, kuma ba wanda ya karya dokar. Sai dai mai kitson da rabin matan gari ke zuwa wurinta 'yar tsallaken rafi ce, wayarta kuma tana kan cinyarta tana magana yayin da take tsaga. 'Yan talla suka ji, aka tura wa wannan, wannan ta tura wa waccan. Cikin 'yan makonni ana surfe ana sauraron labarin Yusufu a gidajen da Malam bai taɓa taka ƙofarsu ba.

Kuma ba sauraron jahilci suke yi ba. Mutanen nan sun tashi da ƙissoshin annabawa, suna jin tafsirin Suratu Yusuf duk azumi. Wata gwaggo ta saurara har ƙarshe ta ce, "Yo ina matan da suka yanyanke hannuwansu? Ina shaidar rigar da aka yage ta baya? An rage labarin nan." Ta kuma ƙi yarda cewa Annabi Yakubu ya gaskata ƙaryar 'ya'yansa, don ita a saninta tun farko ya gane shiri ne. A majalisar bakin kasuwa misalin mai shuka aka tattauna, manoma suna mamakin wane irin manomi ne zai watsa iri a kan hanya da kan dutse, alhali a nan da sungumi ake sara, a jefa ƙwaya, a rufe da ƙafa. Labarin ɗan da ya nemi rabonsa na gado uban yana raye, ya tafi ya lalatar har ya koma kiwon aladu, shi ya fi daɗewa a bakin mutane. Wani ɗalibin fiƙihu ya ce wannan ba gado ba ne, kyauta ce, don ba a gadon mai rai. Dattawa suka rabu biyu kan ko uban ya kyauta da ya yanka masa ɗan maraƙi da ya dawo. Masu 'ya'ya a Legas da Abuja waɗanda suka daina aike, na lura, ba su cika sa baki ba.

Akwai wuraren da sauraro ke yankewa. Da aka zo inda aka ce Nuhu ya sha ruwan inabi ya bugu, da labarin Dauda da matar sojansa, sai salati ya tashi, don a aƙidar garin annabawa ma'asumai ne. Da muryar ta kira Yesu Ɗan Allah kuwa, sai a ce a'uzu billahi a kashe. Wannan ba matsalar fassara ba ce da za a gyara da sauya kalma. Nan ne addinan biyu suka rabu, kuma Hausa ta sa kowa ya ji rabuwar da kunnensa, ba ta bakin wani ba. Yawancin katunan daga baya sun ƙare a shagon mai caji, ya goge ya zuba waƙoƙin Rarara da fina-finan Indiya-Hausa. Akwatunan da ba sa goguwa, waɗanda ke da fitila aka fi riƙewa.

Ba kowa ne ya kashe ya manta ba. Wani matashi tela ya riƙa tsallaka rafi da yamma, da farko da sunan kai ɗinki. Da magana ta fito, surukinsa ya zo ya ɗauke 'yarsa, masu kawo ɗinki suka janye, uwarsa ta yi kuka har ta kwanta. Ba wanda ya ɗaga masa hannu, dagaci ya tsaya a kan haka, amma kafin damina ya tattara kekensa ya koma Kaduna. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi, Jihar Katsina kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, amma a ƙauye ba kotu ce ke hukunta irin wannan ba, dangi ne da kasuwa. Su ma mutanen tsallake suna da nasu ciwon. Suna kirga 'yan matansu da suka musulunta ta hanyar aure ba da yardar iyaye ba, suna cewa tasu ƙofar kullum a buɗe take a fita, ta gari kuwa a rufe. Suna kuma kukan 'ya'yansu na zuwa firamaren gari babu mai koya musu addininsu. Duk wanda ya ce zaman nan ba shi da tabo bai zauna da su ba.

Waɗanda suka fi cin moriyar kwalayen, in za a faɗi gaskiya, ba su aka yi niyya ba. Tsofaffin matan zumunta ne na tsallaken rafi, waɗanda shekara da shekaru suna zuwa sujada ba su iya karanta ko harafi ba, sai abin da aka karanta musu ranar Lahadi. Yanzu kowace na da akwatinta a kan randa, tana tsinkar gyaɗa tana ji, har ta kai suna yi wa Malam gyara in ya tsallake wani wuri a wa'azi.

A cikin gari ma wani abu ya motsa. Da matasa suka fara zuwa wa liman da tambayoyi, me Alƙur'ani ya ce kan haihuwar Annabi Isa, me ya ce kan gicciye, sai ya ga tafsirin azumi kaɗai bai isa ba. Ya buɗe zama tsakanin magariba da isha'i, ya fara da Suratu Maryam, yana ja yana fassarawa, na'ibi na riƙe da tarjamar Sheikh Abubakar Gumi, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, kusan rabin ƙarni bayan fassarar su Miller. Liman ɗan ɗariƙa ne, da can ba ya ko taɓa ta. Ya ce yara na jin maganar wasu da harshen uwarsu, ba zai bar tasu a rufe ba. Matan gari suka aiko a sa lasifika.

Buƙatar ƙarshe da baƙin suka kawo ita ce majigi. Suna da fim ɗin nan na rayuwar Yesu da aka yi a 1979, an juya shi da Hausa, suna so su kafa farin ƙyalle a filin firamare. Dagaci ya ƙi nan take. Na farko, mutanensa ba za su zauna suna kallon wani Bature da sunan shi ne Annabi Isa ba. Na biyu, ba ya tara jama'a a fili da dare a wannan zamani. Ya kuma tuna musu Kano a Oktoban 1991, lokacin da shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke ya jawo rikicin da aka yi asarar rayuka masu yawa; yana ɗan ci-rani a Kano a lokacin. Aka nuna fim ɗin a cikin majami'a, ƙofa a buɗe. Samarin gari sun je, sun tsaya ta taga, sun dawo suna gardama kan ko da gaske aka buga ƙusoshin.

Daga baya wasu matasa masu wa'azi sun zo daga Funtuwa, sun ji labari, suna cewa sakaci ne, a tattara akwatunan a ƙone, a kori Malam. Liman ya ba su masauki da tuwo, ya ba su lasifika suka yi wa'azinsu, da suka zo kan batun ƙonawa ya karɓe abinsa. Kirana ga ƙungiyoyin birni ke nan, masu aiko da kwalaye da masu aiko da a ƙone su: kafin ku ɗora wa babur kaya, ku aika a tambayi dagaci da liman da mai bisharar da ke zaune a wurin, kuma abin da suka ce ku tsaya a kansa.